Mun kai yara tsaunin Mambila a dogon hutu: sharhi kan masu shirya tafiyar

Idan za ka damƙa wa wani kuɗinka ya kai maka iyali tsaunin Mambila, fara tambayarsa wa zai riƙe sitiyari, kuma ko ya saba hawa dutsen da damina. Duk sauran abubuwa a bayan wannan suke. Mu a dogon hutun makaranta na watan Agusta muka je, ni da maiɗakina da yara da ƙanwarta, ta hannun wani ƙaramin kamfanin shirya yawon buɗe ido. Yarjejeniyarmu ita ce su tarbe mu a Jalingo, su ba da mota da direba da ɗan jagora, su kama mana masauki a Serti da Gembu haɗe da karin kumallo. Abincin rana da na dare a aljihunmu. Na gamsu da aikinsu, zan kuma iya tura ɗan'uwana wurinsu, amma da sharaɗi.

Daga Jalingo hanya ta bi ta Garba Chede ta faɗa Bali, daga nan sai Serti, inda hedikwatar gandun daji na Gashaka Gumti take. Tafiya ce mai tsawo, akwai ramuka, akwai shingayen jami'an tsaro, ga zafi da gumi irin na kwarin Binuwai. Hikimar farko da na yaba wa kamfanin ita ce kwanan da suka sa muka yi a Serti. Masu motocin haya kan yanki Jalingo zuwa Gembu a yini guda, amma mai ƙananan yara bai kamata ya gwada ba, domin za ka iso gindin dutse da yamma, kowa ya galabaita, ga hazo ya fara sauka.

Washegari da hantsi muka isa Mayo Selbe, inda hawan yake farawa. Direbanmu dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Ya tsaya, ya buɗe gaban mota ya duba ruwa, ya taka birki ya saurara, ya zagaya tayoyi huɗun yana bugun kowace da ƙafa, sannan ya leƙo ta taga ya ce, “Alhaji, a ba yaran alewa su riƙa tsotsa, kunne zai toshe. Hajiya, wanda mota ke juya wa ciki a dawo da shi bakin taga.” Ya yi bismilla muka kama Hawan Biyu da Sisi. Kwana a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun. Bai fita daga ƙaramar giya ba, kuma duk kwanar da ba a hango abin da ke bayanta sai ya danna oda tun daga nesa. A wata kwana muka yi kiciɓis da tsohuwar Land Rover, irin waɗanda har yanzu ke jigila a tsaunin, an lafta mata ayaba har sama, mutane biyu na maƙale a baya. Tun kafin mu gan ta direbanmu ya riga ya rage gudu ya raɓe jikin dutse, don ya ji kukan injinta. A nan na san kuɗina bai tafi a banza ba. Autarmu ta yi amai sau ɗaya, ya tsaya inda hanya ta ɗan yi faɗi, ya ɗauko buta da tsumma daga but ba tare da ya ɓata rai ba.

Da ka ƙure hawan, ƙasa ta canza gaba ɗaya. Tuddai ne kore shar suna bin juna har iyakar ganinka, shanu jajaye masu dogayen ƙahoni a warwatse, gidajen kwano a cikin kwari, da layukan bishiyar zaiti. Tudun yana kusan mita 1,600 sama da teku, shi ya sa a tsakiyar Agusta muka ji sanyi irin na hunturun Kano, sai dai wannan da danshi yake zuwa, ba ya fasa leɓe. Muka wuce Maisamari, muka ci abinci a Nguroje, muka sauka Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna.

Ɗan jagoran saurayi ne Bafulatani ɗan yankin, yana jin Fulatanci da Hausa da Turanci da ɗan yaren Mambila, kuma ko'ina muka tsaya akwai wanda zai gaisa da shi. Babban ɗana ya tambaye shi dalilin da ya sa ƙaramar hukuma a ƙarshen Taraba take ɗauke da sunan Sardauna. Ya zaunar da shi ya ba shi labarin ƙuri'ar raba gardama ta 1961, lokacin da Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila ya zaɓi shiga Najeriya, aka mai da yankin Lardin Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Yaron ya karanta wannan a aji bai riƙe ba, amma da ya ji shi a tsaye a kan tudu, ana nuna masa duwatsun da ke iyaka da Kamaru, har yau yana maimaita shi.

Ranar da ta fi kowace daɗi ita ce ta gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Mun isa da safe hazo bai gama tashi ba. Itatuwan shayin an aske kansu daidai ƙugun mutum, layi-layi suna hawa tudu suna gangarawa. Masu tsinka, yawancinsu mata, kowace da kwando a goye, hannu biyu suke aiki, suna tsinke ganye biyun saman da tohon da ke tsakaninsu suna jefawa ta kafaɗa ba tare da sun waiwaya ba. Wata daga cikinsu ta kira 'yata ta ce, “Zo, 'yata, ki gwada.” Ta kama mata yatsu ta nuna mata inda ake karyawa, ta hana ta taɓa tsohon ganye mai duhu. Yarinyar ta murtsuke tohon ta shinshina, ta ce ai wannan ƙamshin ciyawa yake, ba na shayi ba. Nan ɗan jagoran ya bayyana mata cewa sai an baza ganyen ya yi yaushi, an yayyanka shi a inji, an bar iska ta mai da shi ja, sannan a busar da shi, kafin ya zama abin da mai shayin unguwarmu yake zubawa a tukunya. Mun sayi shayin da za mu raba tsaraba, kuma shi ne tsarabar da aka fi yi mana godiya a kai.

Dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wani abu ne daban. Kana tafe cikin ciyawa a sarari, sai ga kurmi mai duhu a gangaren dutse. Akwai birai iri-iri a ciki, har da manyan nan masu kama da mutum, kuma masu bincike suna da sansani a bakin dajin. Mun ji kukan birai, mun ga ƙanana suna tsalle a rassan sama, manyan kuwa ba mu gan su ba, kuma ɗan jagoran ya faɗa mana tun a mota cewa kada mu sa rai. Hanyar jar laka ce mai santsi. Maiɗakina da autar suka tsaya a sama, mu muka gangara. Yaron da bai kai shekara goma ba, ban ba da shawarar a shiga da shi da damina ba.

To, ga inda kamfanin ya gaza. Takardar tsarin da suka turo mana ta WhatsApp an cika ta maƙil, wuri uku ko huɗu a kowane yini, kamar wanda ya rubuta bai san watan Agusta a Mambila ba. Kusan kullum bayan azahar hadari ke haɗuwa, in ruwa ya sauko kuma hanyoyin ƙauye ba sa biyuwa. Wuraren da aka sa mana da la'asar yawancinsu sai dai muka soke. Ruwan sama ba laifin kowa ba ne, amma su da suka san wurin ya kamata su faɗa tun kafin a biya kuɗi cewa da damina wuri ɗaya ake zuwa da safe a dawo. Haka nan sun sa hoton Chappal Waddi a saman tallarsu. Shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, amma hawansa tafiyar ƙafa ce ta kwanaki da kwana a tanti, ba abin da mai iyali zai yi ba ne, kuma ba ya cikin abin da muka biya. Yarana sun taho da zumuɗinsa, sai da na yi ta lallashi. Gashaka Gumti ma, wanda shi ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, iyakarmu Serti: rafuka sun cika, ciyawa ta yi tsawo, ma'aikata suka ce mai son ganin namun daji da rani yake zuwa.

Sai masaukin Gembu. Ɗakunan da tsabta, barguna masu kauri, ma'aikata masu fara'a. Amma an yi mana alkawarin ruwan zafi a banɗaki, muka tarar sai an kunna janareta, janareta kuwa sai bayan magariba. Alwalar asuba da ruwan Gembu ba wasa ba ce. Da na yi magana, wani yaron masaukin ya riƙa dafa mana ruwa a murhu yana kawowa a bokiti kafin kiran salla, Allah ya saka masa da alheri, amma wannan kirkinsa ne, ba tsarin kamfani ba.

Masu tambaya ko akwai abin da zai ɗebe wa yara kewa, su sani babu lilo, babu wurin wasa mai tikiti. Abin da ke akwai ya fi wannan a ganina. Ɗan jagoran ya kai mu rugar danginsa da sassafe, yara suka ga tatsar nono, suka sha kindirmo da ɗumi-ɗumin fura, aka ɗora su a kan doki ana riƙe da linzami. A kasuwar Nguroje suka ga fiya da ayaba da dankalin turawa tuli-tuli a farashin da ya sa maiɗakina ta cika but. Mun gangara bakin kogin Donga a ƙasan Gembu muka kalli masu kwalekwale suna tsallaka da mutane da babura, amma ruwan ya yi ƙarfi, ban bar kowa ya shiga ba. Da dare kuma ga gasasshiyar masara, ga shayi mai kauri, kowa na naɗe cikin bargo. Sabis ɗin waya yana nan a cikin gari, a hanya yana ɗaukewa, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi a cikinsu ba.

Ta fuskar kuɗi, da mun bi motocin haya da mun kashe ƙasa da haka sosai. Sai dai motar haya ba za ta tsaya don yarinya ta yi amai ba, ba za ta kai ka ruga ba, kuma cunkoson da ake yi a cikinta ba na mai iyali ba ne. Abin da ka saya a wurin irin wannan kamfani shi ne direban da ya san dutse da ɗan jagoran da mutanen wurin suka sani, kuma a waɗannan biyun ba su cuce mu ba.

Wanda zai je, ya sa a rubuta masa komai kafin ya tura kuɗi: wace mota, wa zai biya mai, wuraren da ke cikin tsarin, da abin da za a yi idan ruwa ya hana fita. Ya nemi a rage wurare a ƙara kwana a sama. Ya tambayi halin da hanya take ciki a makon tafiyar, kada kuma ya yarda a hau ko a sauko da dare. A tanadi rigunan sanyi da safa da hular sanyi ga kowane yaro, da rigar ruwa, da takalmi mai kama ƙasa, da maganin amai, da tsabar kuɗi a hannu don ƙauyuka. Idan kore da hazo da gonar shayi kake so yara su gani, dogon hutun Agusta ya yi. Idan kuma Gashaka Gumti da hawan dutse ne a ranka, ka jira hutun Disamba, lokacin da rafuka suka janye, hanyoyi suka bushe.