Daga Amurka zuwa Zariya: yadda ake gyara wa makafi littafi har da hashiyarsa

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna da duk mutanen Tudun Wada. Ka ce in ba ka labarin yadda masu lalurar gani suke samun littafi a nan Amurka, saboda ɗanmu da ke shirin shiga jami'a a Samaru. Ka tambayi inda ya dace, domin ina cikin masu aikin sa kai da ke duba irin waɗannan littattafai kafin su isa hannun masu su.

Gaskiya sun yi mana nisa wajen tanadi. Tun 1931 gwamnati ta kafa wa makafi sashensu a ƙarƙashin laburaren majalisar dokoki, ana ba su aron littattafan saurare da na rubutun makafi kyauta, har da na'urar da za su saurara da ita. Gidan waya kuma yana kai musu kayan karatu har ƙofar gida ba tare da an biya kuɗin kan sarki ba. Akwai kuma Bookshare, laburaren intanet da aka buɗe a 2002, wanda ɗalibi a ƙasar nan ke shiga kyauta da zarar ya kawo shaidar lalurarsa. Dokar da aka yi a 1996 ce ta ba irin waɗannan cibiyoyi damar mayar da littafi yadda makaho zai karanta ba sai sun je roƙon marubuci ba.

Amma abin da na fi so ka gane shi ne aikin da ke bayan fage. Idan mawallafi bai ba da fayil ɗin littafi ba, sai a ɗauki hotonsa shafi-shafi da sikana, manhaja ta mayar da hoton rubutu, sannan mutum ya zauna ya bi shi layi-layi. Inda muke shan gumi shi ne hashiya, wato ƙananan bayanan nan na ƙasan shafi. Mai ido yana ganin 'yar lamba a saman kalma ya san nuni ce, in ya so ya leƙa ƙasa, in bai so ba ya wuce. Manhajar ba ta san haka ba. Marubuci ya rubuta 1804, ya ɗora mata lambar hashiya 2, sai ta fito 18042, muryar kwamfuta kuma ta karanta wa yaro dubu goma sha takwas da arba'in da biyu a matsayin shekarar da aka fara jihadi. Wani lokaci jimla ta faro daga ƙarshen shafi za ta ƙare a na gaba, sai hashiya ta faɗo tsakiyarta, mai saurare ya ji ana zancen sarauta, kwatsam sai sunan maɗaba'a da shekarar bugu, sannan ragowar jimlar.

Ga yadda nake yi. Lambar nunin nakan raba ta da kalmar, in killace ta cikin baka, don murya ta furta ta ita kaɗai. Hashiyar kuma in ware ta daga jikin rubutu, da alamar inda ta fara da inda ta ƙare, kowace da lambarta a gaba. Sunan littafi da ake maimaitawa a saman kowane shafi nakan share shi, amma lambar shafi ba na taɓa ta, domin ranar da malami ya ce a buɗe shafi na 73, ko ɗalibi ya zo kafa hujja a kundinsa, shafin littafin masu ido za a tambaye shi. Idan fayil ɗin irin tsarin DAISY ne, wato tsarin littafin kwamfuta da aka yi don masu lalurar gani, ana ɗaure lambar da bayaninta, mai karatu ya danna ya je ƙasa ya dawo daidai inda ya tsaya, ko ya umarci na'ura ta tsallake su duka. Zaɓin yana hannunsa.

Abu ɗaya da ba na yarda a yi shi ne share hashiya wai don ta yi yawa. Kai da ka yi karatun zaure a cikin birni ka san yadda malam kan juya littafi ya bi rubutun gefe idan mas'ala ta cije. Haka take a littafin boko: nan marubuci ke faɗin inda ya samo magana da wanda ya saɓa masa. Duk wanda ya cire wa makaho ita ya ba shi magana ya riƙe hujjarta.

Wannan ne ke damuna idan na tuna gida. Ɗalibinmu yawanci aboki ne ke karanta masa, a ɗauki muryar a waya. Allah ya saka wa abokan nan, don irin wannan zumunci na ƙalilan nake gani a nan, inda makaho kan wuni daga shi sai na'ura. Sai dai mai karantawa idan ya iso ƙananan rubutun nan tsallakewa yake yi, da zuciya ɗaya, yana ganin sauƙi ya yi wa ɗan'uwansa.

Batun kaya kuwa, kada tsada ta karya maka gwiwa. Allon da ke fito da ɗigogin rubutun makafi daga kwamfuta, manyansa dubban daloli ne, ko a nan ba kowa ke saya da kuɗinsa ba. Amma NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta, kyauta ce, wayar Android kuma tana da TalkBack mai irin wannan aiki. Doka ma ba ta tare mana hanya ba: Najeriya ta amince a shekarar 2017 da yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don sauƙaƙa wa makafi samun littafi, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuma ta shigar da tanadin makafi.

Inda Amurka ba za ta yi mana komai ba shi ne littattafan Hausa. Da wuya in ci karo da su, manhajar da nake aiki da ita kuma ba ta gane haruffa masu ƙugiya, sai Bahaushe ya bi ya mayar da kowace ƙ da ɗ da ɓ wurinta. Wannan aikin 'yan Zariya ne, garin maɗaba'ar Gaskiya da kamfanin buga littattafai na NNPC. Ɗaliban sashen Hausa kaɗan, da sikana ɗaya da haƙuri, za su iya farawa, in mawallafa suka ba da fayil kuwa rabin wahalar ta ƙare.

Kafin nan, Yaya, ka faɗa wa duk mai karanta masa: in ya iso lamba ya ce "hashiya ta biyu", ya ƙarasa jimla, ya karanta bayanin, ya ce "ta ƙare", kuma ya riƙa ambaton lambar kowane shafi. Ka turo mini sunayen littattafan zangon farko da zarar an ba su. A gaida Inna, a ce ina neman addu'a.