Sikelin rataye na kilo 50 a wajen auna cin awakin tatsa

Sikelin da nake magana a kansa shi ne ƙaramin nan mai ƙugiya da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, wanda yake ɗaukar nauyi har kilo 50, yake nuna bambancin giram 10, kuma yake aiki da ƙananan batura biyu. Don matafiya masu auna jaka aka fi yin sa, amma ni na saye shi ne domin in san ainihin abin da awakina na tatsa suke ci, tun da mudu ba ya auna harawa, dami kuwa kowane da girmansa.

Aikin ba shi da wuya. Da safe ana rataya buhun da babu komai a cikinsa, a danna maɓallin da yake mayar da lamba sifiri, sannan a zuba harawar wake ko ta gyaɗa a auna. Washegari kafin a sake zuba wata, sai a tattara ragowar da ke cikin komi da wadda ta zube ƙasa a auna, a cire daga na jiya. Akuyar da ake tatsa tana bukatar busasshen abinci da ya kai kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyin jikinta a yini, wato jar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi mai kilo 30 za ta ci daga giram 900 zuwa kilo 1.2. A wannan fanni sikelin ya biya bukata, domin na gwada shi da ruwa lita ɗaya, na tarar da lambarsa daidai, kuma da shi nake auna madarar da aka tatsa da dusar da ake ba kowace.

Amfaninsa mafi girma ya bayyana ne a kan ragowa. Akuya dabba ce mai zaɓe, tana bi da leɓenta tana tsince ganye da kwanson wake ta bar kara, kuma abin da ta taka ko ya taɓa kashi ba za ta koma kansa ba ko da tana jin yunwa. Saboda haka komin da aka gani cike da rana ba shaida ba ce cewa ta ƙoshi. Idan aka auna ragowar, sannan aka baza ta a kan tabarma aka duba, sau da yawa kara ne zalla. Raguwar ci kuma takan riga raguwar madara bayyana, musamman idan dusa ko hatsi sun yi yawa har cikinta ya yi tsami, ta rage tuƙa, ta fara zawo.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata mai saye ya sani. Ɗanyar ciyawa tana rasa ruwanta a zafin bazara, sikeli kuwa ba ya bambance abin da akuya ta ci da abin da rana ta shanye. Maganin shi ne a ajiye ɗan dami a inda bakinsu ba zai kai ba, a auna shi safe da yamma, a gyara lissafi da shi.

Ta fuskar ƙira, yana da aibu. Mariƙinsa siriri ne, yana cin yatsa idan kaya suka haura kilo 15, don haka gara a rataye shi a reshe ko a jikin azara. Yakan kulle lamba tun buhu bai daina lilo ba idan iskar hunturu tana kaɗawa, allonsa ba ya karantuwa a tsakar rana, ƙura kuma tana shiga ƙarƙashin maɓallansa. Wanda yake kiwon manyan awakin Saanen, waɗanda asalinsu daga Suwizalan ne, ba zai iya auna jikinsu da shi ba, domin babbar mace takan wuce kilo 50.

Iyakarsa ta gaskiya ita ce nauyi kaɗai yake faɗa. A cibiyar binciken noma ta INRAE a Faransa, masu bincike kan sa sikeli a ƙarƙashin komin kowace akuya, yana rubuta nauyi a kai a kai, har a san lokacin da ta fara ci, da saurin cinta, da sau nawa ta koma. Wannan nawa ba ya yin ko ɗaya daga ciki. Idan garke yana ci a komi ɗaya, jimillar da ya bayar tana ɓoye ƙaramar da mai ƙaho take tunkuɗewa duk lokacin da ta matso. Dole ne a ɗaure kowace a turkenta da kominta, ko kuwa mutum ya zauna da agogo da littafi a sa'a ta farko bayan an zuba abinci, lokacin da suka fi ci, ya rubuta wadda ta ci da wadda aka kora. Ga mai awaki kaɗan da zai iya yin haka, sikelin ya cancanci kuɗinsa.