Hattara da masu sayar da faifan sola mai wat na ƙarya

Jama'a, a yi hattara. Akwai wata damfara da ta yawaita a cinikin faifan sola, musamman wajen masu talla a intanet. Za a manna wa ƙaramin faifai takarda mai cewa wat 300 ko 500, alhali bai iya ba da ko rabin haka. Mutum ya tara kuɗinsa da gumin goshi ya saya, batir ya ƙi cika, ya koma da ƙorafi a ce masa ai batirinsa ne ya mutu. Wannan zalunci ne.

Lissafin da zai tsare ka ba shi da wuya. Idan ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne wat. Juya bayan faifan, za ka ga an rubuta Vmp da Imp, wato bolt da amfiyar da yake bayarwa sa'ad da yake aiki da iyakar ƙarfinsa. In Vmp 18 ne, Imp kuma 5.5, to 18 sau 5.5 ya zama 99. Faifan wat 100 ne ke nan, ko me aka rubuta a samansa da manyan baƙaƙe.

Wasu sun fi wayo, sai su ninka maka Voc da Isc. Kada ka yarda. Voc bolt ne da ake aunawa lokacin da ba a jona komai ba, Isc kuwa amfiya ce da ake aunawa lokacin da aka haɗe bakin wayoyin faifan biyu kai tsaye. Ba sa samuwa a tare, kuma ninkinsu yakan zarce gaskiya da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye.

To, in duk takardar ce ta jabu fa? Sai ka auna tsawo da faɗin faifan. Ana gwajin faifai ne da hasken wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, kuma masu kyau na kasuwa kusan kashi 20 zuwa 23 cikin 100 suke mayarwa lantarki. Murabba'in mita ɗaya ba zai wuce wat 200 da ɗoriya ba. Duk wanda ya nuna maka faifan da bai kai haka girma ba ya ce wat 500 ne, ƙarya yake yi.

Wayar da suke haɗawa da shi ita ma a duba ta. Sau da yawa alminiyam ce aka shafe da jan ƙarfe, in ka kankare bakinta za ka ga cikinta fari. Turjiyar alminiyam, wato yadda take tare wa lantarki hanya, ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100. Ana gane turjiya ta hanyar raba bolt da amfiya: in amfiya 10 ke gudana, bolt 2 suka ɓace tsakanin faifai da batir, turjiyar wayar om 0.2 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), kuma wat 20 na tafiya a banza wajen ɗumama waya. In lodin ya ƙaru, zafin nan yana iya narkar da roba ya tayar da gobara.

Kafin ka biya, ka nemi a fito da faifan cikin rana tsaka a ɗora masa mitar gwaji a gabanka. Ko na kirki yakan ɗan gaza lambarsa domin zafi na rage masa ƙarfi, amma ba zai faɗo rabi ba in sama tana garau. Mai kayan da ya ƙi a gwada, kada ka ba shi kuɗinka.