Arccos a kan mizani: yadda yake gyara zaɓen sanda a filin golf, da inda yake gazawa

Ka tambayi ɗan golf nisan da ƙarfensa mai lamba 7, ɗaya daga cikin sandunansa masu kan ƙarfe, yake kaiwa, zai ce maka yadi 150 ba tare da ya yi tunani ba. Ba ƙarya ya yi ba, ya taɓa kaiwa. Matsalar ita ce wannan nisan na ranar da ƙwallo ta hau tsakiyar fuskar sanda ne, ga iska a baya, ga ƙasa busasshiya. Sauran bugun nasa suna faɗuwa gajere, kuma a gaban dandalin rami ne masu tsara fili suka fi son haƙa ramin yashi ko su shimfiɗa ruwa. Wannan rata tsakanin abin da mutum yake zato da abin da hannunsa yake yi, ita Arccos, tsarin maɓallai da manhajar waya mai rubuta kowane bugu da nisansa, ya zo ya cike, kuma a kanta ya kamata a auna shi.

Abin da ke cikin kwalin maɓallai ne guda 14, daidai da adadin sandunan da doka ta 4.1b ta dokokin golf ta yarda ɗan wasa ya ɗauka. Sha uku iri ɗaya ne, ɗaya kuma na fota ne, wato sandar gangara ƙwallo cikin rami. Kowane maɓalli ana murɗa shi ne a cikin ƙaramar hudar da ke ƙarshen mariƙin sanda, da hannu kawai. Sai a buɗe manhajar a waya, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ana faɗa mata wannan na direba ne, wato sandar da ta fi kai nisa, wannan na ƙarfe 6 ne. A nan kuskuren farko yake faruwa: idan ka musanya maɓallin ƙarfe 8 da na 9, duk lissafin da zai biyo baya ya gurɓace, kuma za a daɗe kafin ka gane. Ka zauna ka yi wannan aikin a natse a gida, ka kuma sauke taswirar filin kafin ka fita.

Idan sanda ta daki ƙwallo, maɓallin yana fitar da wani sauti da kunne ba ya ji, makirufon waya ya kama shi, GPS kuma ya sa alama a inda kake tsaye. Shi ya sa dole wayar ta kasance a aljihun wando na gaba, ɓangaren da ke fuskantar inda kake bugawa, wato na hagu ga mai bugu da dama. Aljihun baya ko cikin jaka ba za su yi ba. Wanda waya a aljihu take takura wa yana iya sayen ƙaramar na'urar kamfanin irin su Link ya ɗauke ta a jikinsa maimakon wayar, kuma a ganina ita ce ta mai da tsarin abin da za a iya jurewa har rami 18.

Bayan zagaye biyar ko makamancin haka sai amfanin ya fara fitowa. Manhajar tana ba kowace sanda nisan da ta saba kaiwa, bayan ta yi ƙoƙarin cire bugun da ya lalace ƙwarai. Abu uku ne mai hankali zai duba a wannan jeri. Na farko, tazara tsakanin sanda da sanda: ga yawancin 'yan wasa yadi 10 zuwa 15 ne. Na biyu, saman jaka, wato sandunan dogon bugu. Mai bugun da ba shi da sauri sosai sau da yawa zai ga ƙarfe 4 da ƙarfe 5 suna sauka kusan wuri ɗaya, domin ƙarfe 4 ba ya ɗaga ƙwallo sama yadda za ta daɗe a iska. Maganin shi ne a cire shi a sa haibirid, sandar da ta haɗa siffar ƙarfe da ta sandar katako. Na uku, ƙasan jaka, wato wejoji, sandunan gajeren bugu masu ɗaga ƙwallo sama. Wejin farko na sandunan zamani fuskarsa tana da kwana kamar digiri 44, wejin yashi kuma 56. Digiri 12 ke nan babu komai a tsakani, giɓin da zai iya kai yadi 25 ko fiye, kuma weji mai digiri 50 ne yake toshe shi. Duk wannan mutum yana iya shekara goma yana wasa bai lura ba.

Sai dai akwai abin da ya wajaba a fahimta, kuma shi ne babban raunin na'urar. Arccos ba ya ganin ƙwallo a iska. Abin da yake aunawa shi ne nisa daga inda ka buga zuwa inda ka sake bugawa, ma'ana tashi da gangara a haɗe. Amma ruwa da ramin yashi ba ruwansu da gangara. Abin da suke tambaya shi ne a ina ƙwallon ta fara taɓa ƙasa. Ga gajerun ƙarafa bambancin kaɗan ne, ga direba da haibirid a busasshen fili yana iya wuce yadi 20. Don haka lambar manhajar ba ita ce za ka tsallake ruwa da ita ba. Ka nemi awa ɗaya a kan na'urar auna tashin ƙwallo irin ta TrackMan, ka rubuta nisan tashi na kowace sanda a gefen na Arccos. Lambobi biyu ke nan ga kowace sanda, kuma duk biyun kana buƙatarsu.

Ga yadda ake aiki da su. A ce rami ne na bugu uku, wato wanda ake sa ran gwani ya gama da bugu uku. Tuta tana yadi 148, bakin dandali na gaba 140, na baya 168, ramin yashi a gaba. A ce ƙarfenka 7 yana tashi 136 ya tsaya a 141, ƙarfe 6 yana tashi 146 ya tsaya a 152, mafi kyawun bugunsa kuma 160. Zuciya za ta ce ɗauki 7, ai 148 ne kawai. Lissafi ya ce bugun 7 na yau da kullum cikin yashi zai faɗa. Da 6 kuwa, matsakaicin bugu yana wuce tuta da taku huɗu, mafi kyau ma bai fita ta baya ba. Idan iska tana busowa a fuska da gudun mil 10 a awa, ƙa'idar da 'yan wasa suka saba da ita ita ce a ƙara kashi 1 cikin 100 ga kowane mil, don haka 148 ya koma kusan 163, ƙarfe 5 ke nan. Iskar baya rabin haka kawai take taimakawa. Hawa kuma, kusan yadi ɗaya ake ƙarawa ga kowane yadi na tudu. Manhajar tana yin wannan gyara da kanta, da tudu da iska da zafi da tsayin wuri daga teku, amma iskar tata daga rahoton yanayi take samowa. Ba ta san cewa a rami na 12 itatuwa sun tare ta ba. Ka dubi saman itatuwa da tutar kafin ka yarda da ita.

Sashen da ake kira Caddie, wanda kamfanin ya gina tare da Microsoft, yana ba da shawarar sandar bugun farko da inda za a nufa. Shawarar tasa ta fi ƙarfi a nan, domin taswirar warwatsuwar bugunka tana gabansa. Ɗauki rami na bugu huɗu mai yadi 380, fararen turakun iyaka a dama, doguwar ciyawa a hagu. A ce bugun direbanka yana bazuwa a faɗin yadi 60, lafiyayyar hanya kuma faɗinta 30. Idan ka nufi tsakiya, gefen dama na wannan bazuwar ya tsallake iyaka. Fita iyaka a ƙarƙashin doka ta 18.2 bugu ɗaya ne na hukunci tare da komawa inda ka buga, kusan asarar bugu biyu. Doguwar ciyawa ba ta cin rabin haka. Saboda haka sai a matsar da manufa zuwa gefen hagu na hanya, a yarda cewa wasu ƙwallayen za su shiga ciyawa. Mutane da yawa a nan sukan ajiye direba su ɗauki sandar katako mai lamba 3 wai don tsaro. Ka duba taswirarka tukuna. Sau da yawa za ka tarar ka yi asarar yadi 20, bazuwar kuma ba ta ragu yadda kake zato ba.

Duk wannan tunani ya samo asali ne daga lissafin ribar bugu da Farfesa Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya ƙirƙiro, wanda PGA Tour, mai shirya gasannin ƙwararru a Amurka, ta fara amfani da shi ga bugun fota a 2011. Manhajar tana raba wasanka gida-gida: bugun farko, bugun kusantar dandali, gajeren wasa, da fota, ta kwatanta ka da matakin handikaf, wato ma'aunin ƙwarewar ɗan wasa, da kake so ka kai. Daga cikin abin da wannan lissafi ya rusa har da tsohuwar al'adar nan ta tsayar da ƙwallo a yadi 100 daga tuta wai don nisan da aka fi so ne. Muddin babu haɗari a hanya, yadi 50 ya fi 100 ga kusan kowa. Haka kuma yana sanyaya zuciya game da fota: ƙwararru ma kusan rabi suke jefawa daga ƙafa 8.

Sai maganar wahalar da ke ciki, kuma tana da yawa. Na'urar takan tsallake bugu, musamman ɗan taɓin ƙarshe a bakin rami da gajeren bugu mai laushi. Bugun hukunci ba ta sani ba sai ka shigar da hannu. Wurin tuta ma sai ka sa mata, in ba haka ba lissafin fota da na kusantar dandali duk sun karkace, domin za ta yi hasashe ne. Idan ka fito daga ƙarƙashin itace da ƙarfe 5 ka tura ƙwallo yadi 60, ka tabbata wannan bugun bai shiga matsakaicin nisan sandar ba. Wejoji su suka fi shan wannan matsala, tunda rabin bugun da ake yi da su ba cikakke ba ne. Minti goma na gyara bayan kowane zagaye, tun ramukan suna kanka, shi ne kuɗin da ake biya na gaskiya. Wanda ba zai yi ba, lambobin da zai samu za su ɓatar da shi fiye da zatonsa na da, domin yanzu ya yarda da su. Ga kuma kuɗin rajista na shekara-shekara, kuma batirin maɓallan ba a canza shi, idan ya mutu sai a sauya maɓallin. Wanda wannan bai yi masa ba ya duba Shot Scope: alamominsa ba su da batir, agogon hannu ne yake karanta su, kuma babu biyan shekara.

Ga wanda yake buga zagaye biyu ko uku a shekara, bayanan ba za su taru su yi ma'ana ba. Na'urar auna nisa ta leza ta ishe shi. Ga mai fita kowane mako yana son rage maki ba tare da ya sauya salon bugunsa ba, ina ganin ya cancanci a saya.

A ranar gasa kuma a yi hattara. Tun dokokin 2019, doka ta 4.3a ta yarda da auna nisa sai idan kwamiti ya hana, amma ta haramta auna tudu da karɓar shawarar sanda ko ta layin bugu daga na'ura bisa inda ƙwallonka take. Karya ta sau ɗaya bugu biyu ne, ko asarar rami a wasan gaba-da-gaba, na biyu kuma kora ce. Ka kunna tsarin gasa a manhajar kafin bugun farko. Abin da dokar ta bari shi ne bayanin da aka tara kafin a fara zagaye, don haka ka kwafe lambobin nan biyu na kowace sanda, tashi da tsayawa, a ƙaramin kati, ka sa shi a aljihu tare da katin maki.