Lasisin Windows a laftof na hannu: tsari mai kyau, amma ka bincika kafin ka yi fomat

Laftof ɗin da manyan kamfanoni suka gama aiki da su, irin su ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP, su ne suka cika kasuwar kwamfutocin da aka sabunta. Duk wanda ya sayi ɗaya, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya goge komai ya ɗora Windows sabo fil, kuma shawara ce mai kyau, domin babu wanda ya san abin da aka bari a ciki. Sai dai a nan ne wasu ke shiga rigima. An gama ɗorawa lafiya, sai ga rubutu a kusurwar dama ta ƙasa yana cewa a kunna Windows, alhali jiya kwamfutar a kunne take.

A ganina tsarin da Microsoft ke tabbatar da lasisi da shi ya yi kyau ƙwarai idan lasisin na gaskiya ne: ba ka buga ko harafi ɗaya, kana haɗa intanet ya kunna kansa. Inda ya gaza shi ne wajen bayani. Ba ya fito wa mai saye ƙarara da irin lasisin da ke hannunsa, kuma in abu ya lalace, lambobi yake jefo masa maimakon magana.

Lasisin yana iya kasancewa a wuri uku. Na farko, tun daga Windows 8 a 2012, masu ƙera kwamfuta suka daina manna makullin a bayan inji, suka koma dasa shi a cikin BIOS, wato manhajar da ke tada inji kafin Windows ya tashi, a wani tebur da ake kira MSDM. Makulli ne mai haruffa da lambobi 25, kuma fomat ba ya taɓa shi, canza SSD ma ba ya taɓa shi, saboda a jikin madabod, babban allon da kayan cikin injin ke haɗe a kai, yake zaune. Na biyu shi ne lasisin dijital da ya zo da Windows 10 a 2015: ranar da aka fara kunna Windows a inji, sabar Microsoft, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, tana ajiye wata shaida da aka haɗa daga kayan cikin injin, duk lokacin da injin ya dawo sai ta gane shi. Na uku shi ne sitika. Tsofaffin injuna na zamanin Windows 7 suna da ita a ƙasa ko a ramin batir, sannan masu sabunta kwamfuta da ke da izinin Microsoft sukan manna tasu sitikar, wani lokaci da makulli a ƙarƙashin wani fenti mai ruwan azurfa da ake kankarewa. Idan ka ga irinta, ɗauki hotonta tun ba ta goge ba, domin zafin ƙasan laftof da gogar cinya suna cinye rubutun.

Akwai kuma na huɗu, wanda shi ne ke jawo yawancin kuka: lasisin da ba na injin ba ne tun asali. Kamfanoni suna kunna ɗaruruwan kwamfutoci ta hanyar sabar cikin gida da ake kira KMS. Wannan kunnawa tana da wa'adin kwana 180, kuma injin yana komawa wurin sabar duk bayan kwana 7 ya sabunta. Da zarar kwamfuta ta bar kamfanin, kwanakin sun fara ƙirguwa. Wasu masu sayarwa kuma suna ɗora ƙaramar manhaja mai kwaikwayon wannan saba, Windows ya riƙa nuna a kunne yake har sai ranar da aka yi fomat, manhajar ta tafi da lasisin nata. Kamar rigar aro ce, ranar da mai ita ya zo dole a tuɓe.

Shi ya sa aikin da ya fi muhimmanci a wannan harka kafin fomat ake yin sa, kuma bai wuce minti biyu ba. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, ka rubuta:

slmgr /dlv

Taga za ta fito da layuka da yawa, uku kawai ka duba. Layin farko yana faɗin nau'in Windows ɗin, Home ne ko Pro ko Enterprise. Layin bayani yana faɗin hanyar da lasisin ya biyo: OEM_DM yana nufin makullin cikin BIOS ne, RETAIL na nufin wanda aka saya ko lasisin dijital, VOLUME_KMSCLIENT kuwa shi ne na aro da muka ambata, VOLUME_MAK kuma makullin kamfani ne mai ƙayyadadden adadin amfani. Sai haruffa biyar na ƙarshen makullin. Idan ka ga 3V66T a Pro ko 8HVX7 a Home, makullin gama-gari ne da Windows ke sakawa idan lasisin dijital ne ke riƙe da injin, kuma wannan alama ce mai kyau. Idan ka ga T83GX, makullin KMS ne na Pro. Sannan ka ƙara da slmgr /xpr. Lasisin dindindin zai ce an kunna injin har abada, na aro zai ba ka ranar da zai ƙare. Laftof da aka sayar wa mutum ɗaya amma tana ɗauke da Enterprise, ita ma abin tuhuma ce, domin ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane wannan nau'in a shago.

Don ganin makullin da ke cikin BIOS, a PowerShell ka rubuta:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

Tsohuwar hanyar wmic tana yin aiki iri ɗaya, amma an fara cire ta daga sababbin fitowar Windows 11, don haka ta PowerShell ta fi tabbas. Idan layin ya dawo fanko, babu makulli a BIOS ke nan. Idan ka sauya kalmar ƙarshe zuwa OA3xOriginalProductKeyDescription, zai faɗa maka nau'in da makullin yake kunnawa. A nan Core yana nufin Home. Rubuta duka a takarda. Kafin ka goge faifan kuma, ka tabbatar ka kwashe fayilolinka, kuma in BitLocker, manhajar Windows mai kulle faifai, a kunne yake ka adana makullinsa mai lambobi 48.

Ɗorawar kanta ba ta da wahala. Filashi mai gigabait 8 ya isa, a haɗa shi da Media Creation Tool daga shafin Microsoft, kada a karɓi faifan da wani ya yi wa kwaskwarima. Idan aka nemi makulli, ka danna cewa ba ka da shi, ka zaɓi nau'in da ka gani a binciken da ka yi, daidai da shi. Lasisin Home ba ya kunna Pro, na Pro ba ya kunna Home, Home Single Language ma nau'i ne na daban. Lasisin Windows 10 kuwa yana kunna Windows 11 mai nau'i iri ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba.

A nan akwai wani tarko da ya cancanci a tsaya a kai, domin yana kama har masu gyara. A ce an ƙera laftof da makullin Home a BIOS, daga baya mai sabuntawa ko tsohon mai ita ya ɗaga ta zuwa Pro da lasisi na halal. Lokacin ɗorawa, Windows zai karanta makullin BIOS ya ɗora Home kai tsaye, ko tambayarka ba zai yi ba. Ka sayi Pro, ka wayi gari da Home, kuma a kunne, har ka ɗauka an cuce ka. Lasisin Pro ɗin yana nan a sabar Microsoft, nau'in ne bai dace ba. Gyaran hanya biyu ne. Ko dai ka shiga Settings, System, Activation, ka canza makulli zuwa na sitikarka ko makullin gama-gari na Pro mai ƙarewa da 3V66T, injin ya ɗaga kansa ya sake tashi. Galibi wannan ya fi tafiya daidai in an cire intanet lokacin sakawa, a mayar bayan an tashi. Ko kuma tun kafin ɗorawa ka ƙirƙiri ƙaramin fayil mai suna ei.cfg a cikin jakar sources ta filashin, ka rubuta [Channel] a layin farko, Retail a na biyu, sai jerin nau'o'in ya fito ka zaɓa da kanka. Makullin gama-gari shi kaɗai ba ya kunna komai. Ƙofa ce kawai, sai in da lasisi a baya. Wannan wurin ina ganin Microsoft ya yi sakaci, tambaya ɗaya a lokacin ɗorawa da ta kashe matsalar.

Bayan ɗorawa, a haɗa intanet a ba shi 'yan mintuna. Idan Wi-Fi bai fito ba saboda babu direbansa, a yi amfani da igiyar intanet ko a haɗa waya ta USB a raba mata data. Idan bai kunna da kansa ba, slmgr /ato yana tilasta masa ya gwada nan take.

Sai lambobin kuskure, waɗanda su ne ɓangaren da ya fi rauni a tsarin. 0xC004F074 na nufin injin yana neman sabar KMS bai same ta ba, wato makullin kamfani ne a ciki. 0xC004C003 na nufin sabar Microsoft ta ƙi makullin, sau da yawa don an toshe shi. 0xC004C008 na nufin an yi amfani da makullin a injuna fiye da yadda aka yarda. 0xC004F050 makullin bai dace da wannan nau'in ba ko an yi kuskuren bugawa. 0x803F7001 da 0xC004F213 suna cewa ba a sami lasisi ga wannan injin ba, kuma a kwamfutar da aka sabunta dalilin yakan zama an canza madabod. Canza RAM, SSD, batir ko allon rubutu ba ya kawo wannan. Madabod kuwa a wurin Microsoft sabuwar kwamfuta ce.

Ɗaya daga cikinsu ba ruwansa da lasisi ko kaɗan: 0x80072F8F. Agogon injin ne ya ɓata. Laftof da ta daɗe a ajiye, ƙaramin batirin agogonta, wanda yawanci CR2032 ne a naɗe cikin baƙar leda ko rawaya da 'yar waya mai baki biyu, yakan mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, amintacciyar haɗuwa da saba ta gagara. Gyara kwanan wata da yankin lokaci, a sake gwadawa, daga baya a canza batirin.

Abin yabo a tsarin shi ne ɗaura lasisi da asusun Microsoft, wanda aka ƙaro a 2016. Idan ka shiga da asusunka, shafin Activation zai nuna cewa lasisin dijital yana haɗe da asusun, kuma in an canza madabod daga baya, manhajar warware matsala da ke wannan shafin tana da zaɓin cewa ka canza kayan injin kwanan nan. Amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Lasisin OEM, wato wanda mai ƙera kwamfutar ya saka, na injin da ya zo da shi ne, ba a ɗauke shi zuwa wata kwamfuta. Wanda aka saya daban shi ne ke bin mai shi. Kuma asusun tsohon mai kwamfutar ba zai amfane ka ba, naka za ka ɗaura bayan an kunna.

Masu tsohuwar sitikar Windows 7 ko makullin Windows 8 su sani cewa a watan Satumba na 2023 Microsoft ya rufe hanyar kunna Windows 10 da 11 da waɗannan makullai. Injin da aka riga aka ɗaga kafin lokacin yana nan da lasisinsa na dijital, wanda ba a taɓa ɗagawa ba kuwa sitikar ba za ta yi masa komai ba. Ga kuma batun shekaru: tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0, RAM gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, da firosesa daga Intel ƙarni na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Lasisi mai kyau a kan inji ɗan ƙarni na 6 ko na 7 lasisi ne na tsarin da aka daina kula da shi, kuma ya kamata hakan ya shiga lissafin ciniki.

Wani abu da ake rikita shi da lasisi: ka gama ɗorawa, ka haɗa intanet, sai sunan wani kamfani da tambarinsa su fito ana neman imel na ma'aikaci. Wannan Autopilot ne, tsarin Microsoft da kamfanoni ke rajistar kwamfutocinsu da shi: injin yana nan a rajistar kamfanin da ya mallake shi. Ko sau goma ka yi fomat zai dawo, domin rajistar tana sabar Microsoft, kuma kamfanin ne ya kamata ya cire ta. Irin wannan kwamfutar a mayar wa mai sayarwa kawai.

Idan bincike ya nuna babu lasisi, Windows ba ya tsayawa. Yana aiki, yana karɓar sabuntawar tsaro, sai dai rubutun kusurwa da kulle sauya hoton bangon allo da launuka. Zama haka na ɗan lokaci ya fi ɗora manhajar fasa lasisi nesa ba kusa ba, domin yawancinsu sai ka kashe kariyar injin kafin su shiga, kuma ka ba su cikakken iko a kan kwamfutar da kake shiga banki da ita. Makullan da ake sayarwa da arha fiye da kima a intanet su ma sau da yawa na MAK ne da aka tsinto, suna kunnawa yau, a toshe su daga baya.

Ga mai shirin saye, a nemi mai sayarwa ya buga slmgr /dlv a gabanka, ko ya turo hoton sakamakon. OEM_DM da Pro a injin ƙarni na 8 zuwa sama shi ne wanda zan ce a saya ba fargaba, domin ko an canza faifai an yi fomat, yana haɗuwa da intanet zai kunna kansa. VOLUME_KMSCLIENT kuwa, a ɗauka kwamfutar ba ta da Windows, a cire kuɗin lasisi daga farashin ko a nemi wata.