A Suwidin kuɗin makaranta ne ke bin yaro

Wani ɗan Bauchi da ya kawo iyalinsa birnin Malmo na ƙasar Suwidin ya shiga wata makaranta mai zaman kanta, ya tambayi kuɗin zango. Matar da ke ofis ta ce babu. Ya zaci ba ta fahimce shi ba, sai ya shiga lissafi irin na gida: kuɗin fom fa, na littattafai fa, na abinci fa? Ta ce doka ta hana su karɓar ko kwabo daga hannun iyaye. Lambar shaidar yaron kawai ta nema.

Tun 1992 ake tsarin da kuɗin makaranta ke bin yaro. Ƙaramar hukuma na ware wa kowane ɗalibi kasonsa, duk makarantar da iyaye suka zaɓa, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, can kuɗin ke zuwa. Ka cire ɗanka, kuɗin ya tashi tare da shi. Abincin rana mai zafi kyauta ne. Duk wanda ya taɓa sayar da tunkiya a farkon zango don kada a koro 'yarsa daga aji, dole abin ya taɓa masa zuciya.

Amma mutumin nan bai samu gurbi ba. Makarantun da ake rububi layi suke bi, 'yan ƙasa kuwa tun jariri na cikin zanen goyo suke rubuta sunansa. Baƙo sai ya tarar da mutane sun riga shi da shekara biyar ko shida. Ga kamfanoni masu cin riba, ana zargin wasu da kumbura maki don jawo ɗalibai. A 2013 kamfanin makarantu na JB Education ya karye, dubban yara suka koma neman inda za su ƙarasa karatu. Har yau ana ta muhawara a majalisa kan wannan riba.

Gwamnati kuma ba ta saki linzami ba. Ita ke ba da lasisi, ita ke tsara manhaja. Ba ka isa ka ɗauki yara tsakiyar zango ka kai su Bauchi biki ko Sallah na wata guda ba. Shugaban makaranta kwanaki kaɗan yake bayarwa, ka zarce a ci ka tara. A lokacin sanyi ƙarfe huɗu duhu ya rufe, babu muryar 'yan Islamiyya bayan la'asar kamar a unguwannin Wunti ko Yelwa na Bauchi.

Masu cewa a kai wannan tsari gida Najeriya, ku fara duba rajista. A Suwidin kowane yaro yana da lamba tun haihuwa, ba a iya biya wa yaro ɗaya sau biyu. Mu kuwa uba nawa ne ya karɓo wa ɗansa takardar haihuwa? Idan aka fara biya bisa kan kowane yaro ba tare da ita ba, shago mai ɗaki biyu zai kawo sunaye ɗari uku, a aji kuwa ka tarar da yara talatin a kan tabarma.