Gidan Wanka na Gargajiya ko Ɗakin Tausa na Otal: Sharhi Kan Wankan Ruwan Zafi a Bursa

Birnin Bursa na ƙasar Turkiyya, wanda Orhan Gazi ya ci da yaƙi a 1326 ya mayar da shi cibiyar Daular Usmaniyya, yana gindin dutsen Uludag, kuma a unguwar Cekirge da ke yammacin garin ne ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa tun zamanin Rumawa. Daga Santambul jirgin ruwa yakan kai mutum Mudanya cikin kimanin sa'a biyu, daga nan kuma ya ƙarasa da mota. Baƙon da ya zo domin wannan ruwa yana da zaɓi biyu: ko ya shiga tsofaffin gidajen wanka na jama'a da Turkawa suke kira hamam, ko kuma ya biya kuɗin sashen wanka da tausa na ɗaya daga cikin otal-otal da suka cika unguwar. Na gwada duka biyun, kuma a ganina mai cikakkiyar lafiya da ya zo har Cekirge amma ya tsaya a otal kaɗai bai samu abin da ya kawo shi ba.

Gidan da na fi jimawa a ciki shi ne Eski Kaplija, wanda aka gina a zamanin Sarki Murad na Ɗaya a ƙarni na 14 a kan kufan wani gidan wanka na Rumawa, sannan aka ƙara masa babban zauren shiga a 1511 a zamanin Bayazid na Biyu. Yana da sashen maza daban, sashen mata daban, kuma wannan kaɗai ya isa ya kwantar da hankalin wanda ya zo da iyalinsa. Da zarar mutum ya biya, za a nuna masa ɗan ɗakin da zai tuɓe, a ba shi zanen auduga mai ratsi-ratsi da ake kira peshtamal ya ɗaura a ƙugu, da takalmin da zai hana shi zamewa a kan jiƙaƙƙen marmara. Turkawa ba sa kwance wannan zane a gaban juna, domin yin hakan abin kunya ne a wurinsu, amma duk da haka ina shawartar mutum ya sa wando mai kaiwa gwiwa a ƙarƙashinsa, saboda zanen yakan manne a jiki idan ya jiƙe.

A ciki, haske yana saukowa ta ƙananan ƙofofin gilashi da ke jikin ƙubba, tururi ya lulluɓe ginshiƙan da ke kewaye da tafkin tsakiya, kuma ba a jin komai sai ƙarar zubar ruwa da hirar dattawa. Ƙa'ida ita ce mutum ya fara zama kusa da kwarmin marmara da ruwa yake zuba a ciki, ya riƙa ɗiba da tasa yana kwarawa a jikinsa har ya saba da zafin, sannan ya gangara tafkin. Wanda ya san ruwan Wikki na Yankari, wanda ɗuminsa yake tsayawa a kan digiri 31, kada ya ɗauka irinsa zai tarar, domin wannan ruwan ya fi shi zafi ƙwarai, kuma bayan 'yan mintoci zuciya takan fara bugawa da sauri, mutum ya ji yana bukatar fita ya huta.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin mai cuɗa, wato tellak. Dattijo ne wanda bai cika magana ba. Ya kwantar da ni a kan marmara mai ɗumi, ya sa wata safar hannu mai kaushi da suke kira kese, ya fara goge ni daga kafaɗa zuwa yatsu ba tare da sabulu ba. Dauɗa ta riƙa murɗewa tana fita baƙa-baƙa, shi kuwa sai ya nuna mini ita yana murmushi, kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Daga nan ya tsoma wata jakar yadi a ruwan sabulu, ya kaɗa ta ta cika da iska, ya matse kumfar a kaina har ta rufe ni, ya yi tausa mai ƙarfi amma gajera, ya ɗauraye ni da ruwa mai sanyi-sanyi. Hannunsa ba shi da taushi, kuma wanda yake son a lallaɓa shi ba zai ji daɗi ba, sai dai ban taɓa jin jikina ya yi sakayau haka ba. A zaure aka naɗe ni da busassun tawul, aka kawo shayi, babu wanda ya hanzarta ni.

Wani gidan wankan kuma, Yeni Kaplija, wanda waziri Rustam Pasha ya gina a 1552 a zamanin Sarki Sulaiman, ya fi ƙawa saboda tayil ɗin garin Iznik da ke bangonsa, kuma ruwan wannan ɓangaren ya fi zafi, yana ɗauke da warin farar wuta. Kusa da shi akwai gidan wanka na Kaynarja na mata, da na Karamustafa da iyalai suke zuwa.

Sashen otal ɗin da na shiga kuwa yana da tsabta da natsuwa, ana zuwa bisa alƙawarin lokaci, kuma tausar da aka yi mini da mai ta fi tsawo da laushi. Matsalarsa ita ce kuɗinsa ya ninka na hamam, alhali babban tafkin nasa maza da mata ne a haɗe, ruwansa ɗumi-ɗumi ne kawai, kuma warin maganin tsabtace ruwa ya danne duk wata alamar maɓuɓɓuga. Takardar tallarsu ta ce ruwan maɓuɓɓuga ne, amma da na tambaya sai ma'aikacin ya amsa cewa ƙaramin ɗakin wanka ɗaya ne kawai yake samun wannan ruwan. Kafin in fita kuma an yi ta ƙoƙarin sayar mini da wasu mayuka da shafe-shafen fuska da ban nema ba.

Duk da haka ba zan ce otal ba shi da ranarsa ba. Ga wanda ya zo da mahaifinsa tsoho da ba zai iya tafiya a kan marmara mai santsi ba, ko matar da ba ta son wanka cikin jama'a ko da na mata ne, ɗakin otal mai bahon wanka da aka jawo wa ruwan maɓuɓɓuga ya fi dacewa. Sharaɗin shi ne a tambaya tun kafin a biya ko wane tafki ne ainihin ruwan maɓuɓɓuga yake shiga, ko akwai lokacin da aka keɓe wa mata, da kuma jinsin wanda zai yi tausar.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mace mai juna biyu su nemi izinin likita kafin su shiga ko wanne daga cikinsu. Wanda kuma ciwon gaɓoɓi ya kawo, yana neman jinya ta sosai, ya fi kyau ya nufi cibiyar Kukurtlu da Jami'ar Uludag take gudanarwa, inda ake amfani da ruwan bisa kulawar likitoci. Ga mai zuwa hamam, safiyar ranakun aiki ta fi ƙarancin cunkoso, kuma yana da kyau ya riƙe ɗan canji a hannu domin tukwicin mai cuɗa, ya kuma sha ruwa sosai kafin ya shiga da bayan ya fito.